Shekarar da Nomau Ya Ƙwace Mini Bes

Kun taso kun tarar da hoton nan rataye a zauren gidanmu na ƙauye: Baba Nomau tsaye ƙiƙam kamar an dasa shi, sanye da rigar Turawa, ni kuma a gefensa da tsohuwar taguwar noma da wani wando mai kyau wanda bai dace da ita ba. Na kuma san abin da aka gaya muku. An ce ubanku ya dawo daga bakin teku kansa ya kumbura har ya kasa gane ciki da wajen rigarsa. Nomau ya yi shekara talatin da ɗoriya yana ba da wannan labari a wurin suna da ɗaurin aure, kowace shekara yana ƙara masa gishiri, ni kuwa ina shiru, domin a garinmu wanda ya fi baki shi ke da tarihi. Yanzu ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, alƙalami kuma yana hannuna. To ku ji da kyau: ban taɓa sa rigar nan a baibai ba.

Na yi yawo ba kaɗan ba kafin wannan shekara, kuma abin da ya fi ba ni mamaki a duniya shi ne yadda kowace ƙabila ke faɗa da zafin rana. Buzayen da na yi rakiyar raƙumansu zuwa Agadas, in rana ta yi zafi sai su ƙara tufafi, su naɗe har ido. Larabawan da na yi wa aikin gini a arewa sukan rufe ƙofa su kwanta, su bar ranar ta yi faɗanta ita kaɗai. Mu mutanen Adar mukan ɗinka riga mai faɗin da iska za ta shiga ta dama ta fita ta hagu ba ta gaishe da kowa ba. Turawa kuwa na same su iri biyu a otal ɗin da na yi aikin wanki da guga, a bakin teku gabas da Abijan. Samarinsu tuɓewa suke yi, su kwanta a rairayi kamar kilishin da aka shanya, su yi ja, su tashi suna murna. Tsofaffinsu, waɗanda suka ga zamanin da, su ne masu kunya. Da la'asar sai su fito da kostim, wato kwat da wando, na yadin lilin, mara nauyi, da malafar kaba mai baƙin ƙyalle, su zauna suna kallon ruwa kamar suna jiran ya ba su amsa.

Ɗaya daga cikinsu, wani tsoho mai rawar hannu, yakan zo kowace shekara, kuma ba ya yarda kowa ya taɓa masa kostim sai ni. Launinsa kamar na nonon da ya kwana a ƙwarya. An ɗinka shi tun kafin a haife ni. Rigar sama, wadda ake ce wa bes, ba ta da shafi kamar sauran riguna, don kada ta riƙe zafi. Sai ɗan siliki mai sheƙi a kafaɗu daga ciki, kowane bakin ɗinki kuma an bi shi da shuɗin ƙyalle siriri, ga sunan telan an saƙa da zare ruwan zinariya a ƙarƙashin wuya. Daga waje kuwa ba komai, yadi ne kawai, wanda ko kallonsa ka yi da ƙarfi sai ya yamutse. Ni na san sirrinsa: a jiƙe ake goge shi, daga ciki, da dutsen guga mai zafi sosai. A zuwansa na ƙarshe tsohon ya kira ni, ya ce likita ya hana shi tafiya mai nisa, a ƙasarsu kuma babu ranar da ta cancanci wannan riga. Ya miƙa mini kostim ɗin, har da malafar.

"Kai kaɗai ka san mutuncinta," in ji shi. "Kai ta inda ake zafi."

Na ce masa in dai zafi ne, ya kwantar da hankalinsa.

Na dawo gida da bazara, shekara biyu bayan yunwar nan da ta kore maza daga ƙauyuka. Ga abin da na tarar. Babana ya rasu ina can. Inna ta rame. Yayarku Rabi, wadda na bari a ciki, ta gan ni ta ruga bayan uwarku tana ihu wai ga baƙo. Uwarku Kulu kuwa, da ta ga ban kwance jakata duka ba, ta tambaye ni, tana kallon ƙasa, ko ta wanke kayan ne ko ta bar su a ɗaure. A ranar na ƙudurta ba zan koma ba. Amma zama sai da abin yi, gonarmu kuwa ta zama faƙo, ruwa ya kwashe ƙasar ya bar tsakuwa. A lokacin ne aka fara aikin nan na Keita, na jera duwatsu a kan tuddai don a tare ruwa, mata ne ma suka fi yawa a ciki. Sai labari ya zo cewa ranar Laraba Baturen da ke duba aikin zai zo tudunmu, gabas da Garhanga, kuma yana neman tafinta da zai riƙa yawo da shi. Ina jin Faransanci, ina jin Buzanci, ina taɓa Zabarmanci da Julanci, amma ba ni da ko guntun takardar lakwal, wato makarantar boko. Na san akwai samari masu takarda a Keita da Tawa. Sai na ce a raina kostim ɗin nan shi ne takardata. Bature in ya ga mutum cikin irin wannan riga, ya san ya ga wanda ya zauna da manya.

Kuskurena ɗaya, kuma na yarda da shi: na kasa haƙuri har Laraba. Ranar Litinin na goge shi, na sa, na ɗora malafa, na fita wai in gaishe da dattawa a gindin gawon da ke bakin masallaci.

A nan Nomau yake. Ku da kuka san shi da furfura ba ku san shi ba. Ɗan gwaggona ne, ƙanwar babana, wato taubashina, kuma tun muna yara bai taɓa barin wani abu nawa ya wuce shi ba. Bai taɓa zuwa ko Madawa ba sai sau biyu, amma ba a yin zance ya rasa ta cewa. Kun san ƙa'idar taubasai: in ka sa riga a baibai taubashinka ya gani, ta zama tasa, ko ta sarki ce. Ya tashi ya zagaya ni sau biyu yana taɓa yadin da yatsa. Zafi ya dame ni, na buɗe maɓalli, iska ta ɗaga gefen bes. Sai na ga idonsa ya tsaya.

"Mushe Asmana," ya ce, yana kwaikwayon yadda Faransawa ke cewa malam, "tsaya in gani. La ilaha illallahu! Jama'a ku shaida. Baibai ta!"

"Baibai ɗin gidanku. Haka a ka sa ta."

"Ɗan kawuna, kwaɓe ta cikin girma da arziki. Shekara bakwai kana Bidijan, ashe ko sa riga ba su koya ma ba."

Dattawa suka gyara zama. Tun da aka yi yunwa ba a sami abin dariya irin wannan ba, kuma na gane a fuskokinsu ba mai niyyar barin shi ya wuce da wuri. Aka ce Tsoho Arzika ya yi hukunci, shi ne babba a danginmu, ya kuma yi saƙa da ɗinki a ƙuruciyarsa. Ya ce in tuɓe bes in miƙo. Ya shimfiɗa ta a cinya, ya juya nan, ya juya can. Nomau ya durƙusa a gabansa kamar mai ƙara a gaban alƙali.

"Baba, dubi wanga gehe. Ga alharini, ga shuɗin zare an bi ko'ina, ga aiki da ruwan zinariya. Dubi wancan kuma, awa buhun da anka zazzage. Tun da kake, ka taɓa ganin maɗinkin da ya yi wahalar aiki ya ɓoye shi ga hammata? Wa ka yin ado don haƙarƙarinai su gani?"

Na ce su Turawa haka suke, mai arzikinsu ba ya son a gani, shi dai ya sani a ransa. Aka fashe da dariya. Wani ya ce to don me ya yi arzikin. Na ce a dubi maɓallai, ai ga su a waje. Tsoho Arzika ya murza ɗaya da yatsa, ya ce:

"Maɓalli ai ɗauri na, ɗan'uwan mazagi. Kai ka taɓa ganin mai hankali ya bar mazagin wandonai waje?"

Na kawo hujjar aljihu, Nomau ya nuna akwai aljihu a ɗaya gefen ma, har da aljihun alƙalami. Na rantse da cewa na goge wannan riga ya fi sau ɗari. Ya ce to daga wane gefe nake gogewa? Na ce daga ciki. Ya ce wane ne cikin? Na nuna. Ya juya ga jama'a ya buɗe hannuwa: gefen da ake wahalar gogewa, shi ne ake ɓoyewa? Ni da na yi ciniki da Larabawa da Yarabawa da mutanen Kumasi ban taɓa faɗuwa ba, sai ga ni a ƙasa a hannun mutumin da bai san inda kwalta ta ƙare ba. Da ya ga ya yi nasara har ya kai hannu ga wandon, Tsoho Arzika ya buge hannun da sanda, ya ce ba a tuɓe wa magidanci wando a bakin masallaci. Sannan ya yanke:

"Riga ta Nomau ta. Amma ka ji, Nomau: tunda ka ce gehen alharini shi na huska, haka za ka sa ta har abada. Randa duk anka gane ka ka juya ta, kai ma ka sa baibai, ta koma ga mai ita."

Na daɗe ina tunanin wannan hukunci. Yau ina da yaƙinin tsohon ya san gaskiya sarai.

Ban miƙa ba. Na fizge bes ɗina na ce wannan wasan ƙauye ne, ni ina da abin da ya fi wasa a gabana, na wuce gida ana kirana ban juya ba. Na tarar labari ya riga ni, kamar kullum. Inna tana zaune tana tsince wake. Ba ta faɗin sunana, da yake ni ne ɗan fari.

"Kai wanga, an ce ka hana ma ɗan gwaggonka abin da dattawa sunka ba shi."

Na ce, "Inna, rigar ga ita ce aikin Laraba. In babu ita, sai dai in sake ɗaure jaka."

"Da ubanka ya kwanta ciwo, kana can kana goge ma kahirai riguna. Wa ya ɗauke shi bisa jaki har likita? Wa ya yi mamu huɗa shekara ukku? Bai taɓa cewa a biya shi ba, don shi taubashi na, abin da ya gani ya ɗauka, abin da ya tarar ya yi. Kana son ka zamna garin ga, ko kana son ka sa riga cikinai? In zama ka ka so, da mutane a ka zama."

Ta koma kan wakenta. Uwarku tana bakin murhu, ba ta ɗago ba, amma na ga ta daina fifita wutar. Na shiga ɗaki na zauna da rigar a hannu. Ina ganin jirgin ƙasan Abijan a idona, da ɗakin gugar nan mai tururi, da Rabi tana girma tana ce mini baƙo. Duk da haka na tashi, na ninke bes yadda ake ninke ta a otal, kafaɗa cikin kafaɗa, na kai wa Nomau har gida. Ya karɓa da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara mini tafiye-tafiye masu albarka, in na koma in duba masa takalmi.

Ranar Laraba na tafi tudun ba don ina sa rai ba. Na sa wandon kostim da taguwar noma, na tsaya can baya wajen matan da ke ɗauko duwatsu a ka. Mota ta iso, Bature ya fito, dogo, wuyansa ya ƙone, tare da wani ma'aikaci daga Keita da samari biyu masu takarda, kowanne da biro a aljihu. Wa zai tarye su a gaba in ba Nomau ba? Ya sa bes a juye, silikin kafaɗa yana walƙiya, shuɗin ƙyalle ya zagaye shi kamar taswira, sunan tela yana sheƙi a ƙeyarsa, ya ɗaure tsakiya da igiyar rama tunda maɓallai sun koma ciki. Baturen ya miƙa masa hannu, ya dube shi sama da ƙasa, sannan ya sunkuya ya tambayi ma'aikacin da Faransanci, a hankali, ko wannan wata al'ada ce ta masu makoki.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Daga bayan mata na ɗaga murya da Faransanci:

"Ba makoki ba ne, mushe. Fashi ne da rana tsaka!"

Baturen ya ce wa ya yi magana, in matso. Na matso na ba shi labari tun daga otal har gindin gawo. Nomau ya ga ana nuna shi ana dariya, ya ce wallahi ba a yi masa shari'a da harshen da ba ya ji, sai an gaya wa Bature nasa bayanin, kuma ni zan faɗa tunda ni na iya. Ya fara. Ya ce a gaya wa Bature wannan ɗan kawun nasa tun yana yaro wawa ne, ya taɓa hawan jaki yana fuskantar wutsiya. Na faɗa da Faransanci. Ya ce a gaya masa shekara bakwai ya yi a bakin teku bai kawo wa gwaggonsa ko sabulu ba. Shi ma na faɗa. Ɗaya daga cikin samarin ya matsa kusa da Baturen ya ce ai ba sai an fassara wannan ba, maganar ƙauye ce. Baturen ya ɗaga masa hannu. Ya tambayi ma'aikacin ko abin da nake faɗa shi ne abin da mutumin ke cewa. Ma'aikacin, yana share hawayen dariya, ya ce ko wasali ban rage ba.

Ana cikin haka wata tsohuwa daga zangon da ke bayan tudu, wadda Buzanci ya fi mata sauƙi, ta sauke dutsenta ta fara faɗa tana nuna layin da aka ja don jera duwatsu. Samarin suka dubi juna. Na ce tana cewa in kun gama shari'ar riga, ruwa ba ta nan yake saukowa ba, ta wancan kwazazzabo yake zuwa, ita shekara arba'in tana kallonsa. Baturen ya bi ta har wurin, ni ina tsakaninsu, muka yi kusan awa guda a rana. Da muka dawo ya ce mini ya yi aiki da tafintoci da yawa, kowannensu yakan gyara magana kafin ta iso shi, har ya rasa abin da mutane ke cewa. Wanda zai fassara zagin kansa bai rage ba, shi yake nema. In zo Keita ranar Litinin.

Nomau bai haƙura ba, ya ce a tambayi Bature, tunda rigar ƙasarsu ce, wane gefe ne fuska. Na fassara da sauri, don na ga bes ɗina tana dawowa. Baturen ya tambayi wa ya yanke hukuncin farko. Aka nuna Tsoho Arzika. Baturen ya cire hularsa ya ce shi duwatsu aka aiko shi ya jera, ba a aiko shi ya tayar da hukuncin dattawa ba. Wannan ma ni na fassara, da bakina. Sannan ya ɗauko abin hotonsa ya ce mu tsaya tare. Hoton ke nan da kuke gani. Ku sake dubansa, za ku ga ba murmushi nake yi ba.

Da wannan aiki na zauna gida, aka haifi sauranku ina nan, na ga tudun nan ya yi itatuwa. Nomau kuwa ya sa bes a juye kowace Salla, ƙarama da babba, da kowane biki, cikin zafi da sanyi. Ni kuma na yi ta fakonsa. Na taɓa zuwa gidansa da sassafe ba sallama ko zan kama shi. Na taɓa sa wani malamin lakwal ya gaya masa a kasuwar Garhanga cewa mutane na yi masa dariya. Ya ce su yi, hassada ce. Silikin ya ƙoƙe, sunan telan ya kakkaɓe saura harafi biyu, bai juya ta ba ko sau ɗaya. Wandon yana ƙasan akwatin uwarku, ban sake sa shi ba.

A ciwonsa na ƙarshe ya aiko a kira ni da hantsi. Na shiga na tarar an jingina shi da bango, ya rame har ba a magana, sanye da bes. Maɓallai a waje. An ɓalla su duka uku, daidai, yadda tsohon nan na otal ke yi. Na tsaya a bakin ƙofa. Ya dube ni da idon nan nasa na gindin gawo.

"Mushe Asmana, mi ka ka kallo? Ba ka ga na yi kuskure ba?"

Na ce ban ga komai ba.

"Kai dai wawa na har gobe. Tsuhwa ta sa na sa riga baibai, ga taubashina tsaye, ya ce bai gani ba. Kwaɓe abinka, hannuna ba ya ɗagawa."

Na durƙusa na ɓalle maɓallan, na zare masa ita a hankali, hannu ɗaya bayan ɗaya. Ba ta fi nauyin gyale ba, shi ma haka. Na ce masa to yanzu tunda ba kowa, ya faɗa mini tsakaninsa da Allah, wane gefe ne fuskar rigar nan. Ya rufe ido, na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sai ya ce:

"Wandon dai, har yanzu ina da magana a kai."

Bes da wandon suna akwati ɗaya yanzu, ba wanda ya yi mini daidai. Wanda ya gaje su a cikinku ya jiƙa yadin kafin ya goge, daga ciki. In kuma zai sa, ya fara leƙawa ya tabbata babu ɗiyan Nomau a kusa.